Tafiya Estoniya: Abin da matafiyi daga Katsina ya kamata ya sani kafin ya ɗaure kaya

Ga ɗan kasuwa ko ma'aikacin gwamnati da zai tashi daga Sheme, ko Faskari, ko Ƙanƙara, ko Sabuwa, zuwa Estoniya, ƙasar ba ta da wuyar sha'ani idan an isa. Ƙarama ce, tana da tsari, kuma kusan kowace hidima ana yin ta ne ta waya ko da katin banki. Wahalar tafiyar tana gida: takardu, da biza, da tanadin kuɗi, da shirin sanyi, da sanin yadda mutum zai yi sallarsa ya ci abincinsa. Wannan maƙala ta tattaro muhimman abubuwan, bi da bi, tun daga neman fasfo har zuwa dawowa.

Ina ce Estoniya?

Estoniya tana arewa maso gabashin Turai, a bakin Tekun Baltik. Ita ce ta can arewa cikin ƙasashe uku da ake kira ƙasashen Baltik. Sauran biyun su ne Latbiya da Lituwaniya. Ta yi iyaka da Rasha ta gabas, da Latbiya ta kudu, sannan ta arewa mashigin ruwa ya raba ta da Finlan. Babban birninta shi ne Tallinn.

Faɗin ƙasar ya kai murabba'in kilomita 45,000, wato kusan ninki biyu na Jihar Katsina, amma mutanenta ba su wuce miliyan 1.4 ba. Katsina kuwa tun a ƙidayar 2006 ta kai mutum miliyan 5.8. Ƙananan hukumomin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, idan aka haɗa su, tun a wancan lokaci sun haura rabin miliyan, sun fi mazauna Tallinn na yau yawa. Kusan rabin ƙasar daji ne, kuma tana da tsibirai fiye da 2,000.

Ta ayyana 'yancin kanta a ranar 24 ga Fabrairu, 1918. Tarayyar Sobiyat ta mamaye ta a 1940, ta kuma dawo da 'yancinta a ranar 20 ga Agusta, 1991. A 2004 ta shiga Tarayyar Turai da ƙawancen tsaro na NATO, a 2007 ta shiga yankin Shengen, a 2011 kuma ta fara amfani da kuɗin Yuro. Biyu daga cikin waɗannan sun shafi matafiyi kai tsaye: bizar Shengen ce za ta shigar da shi, Yuro kuma zai kashe.

Abin da ke kai mutanenmu can galibi uku ne. Akwai karatu, a Jami'ar Tartu da aka kafa a 1632 ko a jami'o'in Tallinn. Akwai kwasa-kwasan ma'aikata kan gudanar da mulki ta intanet, fannin da ƙasar ta yi suna a kai, domin tun 2005 'yan ƙasar ke iya jefa ƙuri'a ta intanet. Akwai kuma harkar kamfanonin fasaha. Kamfanin Bolt, wanda motocinsa ke ɗaukar fasinja a manyan biranen Najeriya, a Tallinn aka kafa shi a 2013.

Fasfo da daidaiton suna

Mataki na farko shi ne fasfo, kuma ba a samun sa sai da lambar ɗan ƙasa ta NIN. Ana cike takardar nema a shafin Hukumar Shige da Fice, a biya a can, sannan a je ofishin fasfo, kamar na Katsina ko Kano ko Kaduna, a ɗauki hoto da zanen yatsu. Daga 1 ga Satumba, 2025, fasfo mai shafi 32 na shekara biyar Naira 100,000 ne, mai shafi 64 na shekara goma kuma Naira 200,000.

Kafin a biya, a duba suna da ranar haihuwa. Mutum yakan zama Muhammadu a takardar makaranta, Mohammed a banki, Muhammad a NIN, shekarar haihuwar ma ta sha bamban. A gida ana kawar da kai, amma jami'in biza ba ya kawar da kai. A gyara tun da wuri, domin gyaran yakan ɗauki makonni.

Dokar Shengen ta ɗora sharuɗɗa uku a kan fasfo: kada ya haura shekara goma da bayarwa, ya kasance da sauran aƙalla wata uku bayan ranar da za a baro Turai, kuma a sami aƙalla shafi biyu da ba a buga komai a kansu ba.

Biza

Estoniya ba ta da ofishin jakadanci a Najeriya. A irin wannan hali, ƙa'idar Shengen ita ce wata ƙasa ta yankin ta wakilce ta wajen karɓar buƙatun bizar gajeren zama. Shafin Ma'aikatar Harkokin Wajen Estoniya yana da jerin ƙasashen da ke wakiltar ta a ko'ina, kuma can ya kamata a duba a daidai lokacin nema, saboda irin wannan yarjejeniya takan canza. Dole mai nema ya bayyana da kansa don ɗaukar zanen yatsu, sai dai idan an ɗauka cikin wata 59 da suka wuce. Don haka a sa kuɗin mota da na kwana cikin lissafi.

Bizar gajeren zama tana ba da damar kwana 90 a cikin kowane kwana 180. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun daga Yunin 2024, Yuro 45 ga yaro mai shekara 6 zuwa 12, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kuma kada a bari ya rage ƙasa da kwana 15. Amsa takan fito cikin kwana 15, amma doka ta ba su damar kaiwa kwana 45. Wanda zai halarci taro mai tsayayyar rana ya fara shiri wata uku kafin lokacin.

Takardun da ake nema su ne: takardar nema da aka cike aka sa hannu, hoto, takardar gayyata ko shaidar kama ɗaki a otal, shaidar ajiye kujerar jirgi zuwa da dawowa, bayanan asusun banki na watannin baya, da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000 mai aiki a duk ƙasashen Shengen.

Abin da jami'in biza ke son ya tabbatar shi ne mutum zai dawo, kuma kuɗin da ya nuna nasa ne. A nan ne 'yan kasuwarmu ke samun cikas. Mai fataucin hatsi ko shanu a kasuwar Sheme zai iya juya miliyoyi a mako, amma idan cinikin duk a hannu yake, asusunsa ba zai nuna komai ba. Zuba kuɗi mai yawa a asusun ana saura kwana kaɗan a miƙa takardu kuwa zargi yake jawowa. Mafita ita ce a riƙa shigar da ciniki banki tun watanni kafin nema, a haɗa da takardar rajistar kasuwanci ta CAC da shaidar biyan haraji. Ma'aikaci kuma ya haɗa da takardar gabatarwa daga ma'aikatarsa, da amincewar hutu ko ta tafiyar aiki, da takardun albashi. Mai fasfon hukuma yana bi ne ta Ma'aikatar Harkokin Waje a Abuja, wadda ke rubuta takardar gabatarwa ga ofishin jakadanci.

Ƙin ba da biza ba baƙon abu ba ne. A 2023 da 2024, fiye da kashi 40 cikin 100 na buƙatun bizar Shengen daga Najeriya an ƙi su, kuma ba a mayar da kuɗi. Wanda aka ƙi ana ba shi dalili a rubuce, yana kuma da damar ɗaukaka ƙara. Saboda haka kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito.

Karatu ko aiki da zai wuce kwana 90 yana buƙatar bizar dogon zama ko izinin zama, waɗanda hukumomin Estoniya da kansu ke bayarwa. Makaranta ko kamfanin da ya ɗauki mutum shi zai nuna masa inda zai miƙa takardu.

Tarkuna uku

Na farko shi ne katin zama na intanet. A Disambar 2014 Estoniya ta fara ba baƙi wani kati da ke ba su damar kafa kamfani a ƙasar da sa hannu a takardu daga duk inda suke. Sunansa a Turance, e-Residency, yakan ruɗi mutane. Ba biza ba ne, ba izinin zama ba ne, ba takardar zama ɗan ƙasa ba ce, kuma ba ya shigar da kowa Turai. Duk dillalin da ya ce zai kai mutum Turai da shi, damfara yake shiryawa.

Na biyu shi ne neman bizar ƙasar da ba ita za a je ba. Ƙa'ida ita ce a nema daga ƙasar da za a fi daɗewa a cikinta. Wanda ya karɓi bizar Estoniya alhali Jamus ya nufa, ana iya tsayar da shi a filin jirgi, a soke bizar, a mayar da shi.

Na uku shi ne hanyar bayan gida. Tun 2021 masu safarar mutane ke kai baƙi Belarus da Rasha da alƙawarin tsallakar da su zuwa Lituwaniya ko Latbiya ko Polan. An kafa shingaye a iyakokin, ana mayar da mutane, wasu kuma sun mutu cikin dajin saboda sanyi. Ko mai biza sahihiya ya sani cewa birnin Narva, a gabashin Estoniya, kogi kawai ya raba shi da Rasha, kuma bizar Shengen ba ta aiki a ɗaya gaɓar.

Hanya da jirgi

Babu jirgi kai tsaye daga Najeriya zuwa Tallinn. Hanyoyin da aka fi bi daga Abuja su ne ta Istanbul da jirgin Turkish Airlines, ko ta Frankfurt da Lufthansa. Wanda ya bi ta Frankfurt a can zai gamu da jami'an shige da fice, domin nan ce ƙofarsa ta shiga Shengen; wanda ya bi ta Istanbul kuwa sai a Tallinn. A guji tikitin da ya ratsa ta Landan, saboda Birtaniya ba ta cikin Shengen kuma tana da nata ƙa'idar bizar wucewa ga 'yan Najeriya.

Daga Sheme hanyar ita ce Funtuwa, Zariya, Kaduna, sannan Abuja, ko dai a mota ko a jirgin ƙasa daga tashar Rigasa. Kowa a yankin ya san halin tsaron hanyoyin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. A tashi da rana, a isa Abuja ana gobe tafiya, kada a haɗa doguwar hanya da lokacin jirgi a rana ɗaya. A tafi da katin rigakafin shawara, wanda sashen lafiya na filayen jirgi ke bayarwa.

Biza ba ta tilasta wa jami'in kan iyaka ya buɗe ƙofa. Zai iya tambayar inda za a sauka, da ranar komawa, da kuɗin da ke hannu. A riƙe kwafin gayyata da na otal da na inshora da tikitin dawowa a jakar hannu. Tun 12 ga Oktoba, 2025, ƙasashen Shengen suka fara sabon tsarin ɗaukar hoton fuska da zanen yatsu a kan iyaka, wanda ke lissafa kwanakin baƙo da kansa. Wuce wa'adi ko da kwana ɗaya ne zai fito a na'ura, ya kuma ɓata neman biza na gaba.

Abin da ba a shiga da shi

Tarayyar Turai ta hana matafiyi shigo da nama da madara da duk abin da aka yi da su daga ƙasashen waje. Wannan ya haɗa da kilishi, da dambun nama, da man shanu, da cuku. Za a ƙwace, kuma ana iya cin tara. Ɗanyen kayan lambu da 'ya'yan itace ma sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai, ban da 'yan kaɗan da aka keɓe, cikinsu har da dabino da ayaba da abarba da kwakwa. Ɗanyen goro gara a bar shi a gida.

Mai shan magani kullum ya tafi da shi cikin kwalinsa na asali tare da takardar likita. Magunguna irin su tramadol da masu kodin suna ƙarƙashin doka mai tsauri. Kuɗin hannu kuma idan sun kai Yuro 10,000, ko kwatankwacinsu a wani kuɗin, wajibi ne a bayyana wa kwastan. Kada a karɓi saƙon kowa ba tare da an buɗe an gani ba.

Kuɗi, waya da sufuri

Ba a canza Naira a Tallinn. A nemi Yuro tun daga gida, ta banki ko wurin 'yan canji masu lasisi, a kuma ajiye rasit. Estoniya ƙasar kati ce: shaguna da motocin haya da ƙananan wuraren shan shayi duk suna karɓar sa. Kafin tashi a tambayi banki ko katin yana aiki a waje da kuma iyakar abin da za a iya kashewa. Katin asusun Dala ko na Yuro ya fi kwanciyar hankali. Farashin da aka rubuta a shago shi ne farashi, ba a tayawa.

Lambar kiran ƙasar ita ce +372, lambar gaggawa ta 'yan sanda da motar asibiti da 'yan kwana-kwana kuwa 112. Ana sayar da layin waya a manyan shaguna, kuma akwai intanet kyauta a filin jirgi da otal-otal. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, don haka filoginmu mai ƙafa uku ba zai shiga ba sai da adafta. Agogonsu yana gaban namu da awa ɗaya a lokacin sanyi, da awa biyu daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba.

Filin jirgin sama na Lennart Meri bai wuce kilomita huɗu daga tsakiyar birni ba. Shiga motar haya ta birni kyauta ce tun 2013, amma ga mazauna Tallinn masu rajista kaɗai. Baƙo dole ya biya, kuma masu duba tikiti suna cin tara. Daga Tallinn zuwa Tartu tafiyar awa biyu zuwa biyu da rabi ce a jirgin ƙasa ko bas, zuwa Helsinki ta Finlan awa biyu a jirgin ruwa, zuwa Riga ta Latbiya kimanin awa huɗu da rabi a bas. Duk da ba a tsayar da mutum a waɗannan iyakoki kullum, a tafi da fasfo.

Sanyi da duhu

Wanda bai san sanyin da ya wuce na hunturun Funtuwa ba, kada ya yi wa na Estoniya kallon wasa. A Janairu da Fabrairu ma'auni yakan zauna ƙasa da sifili, wani lokaci ya kai 20 ƙasa da sifili. Babbar riga da suwaita ba za su wadatar ba. Ana buƙatar kayan ciki masu riƙe ɗumi, da jaket mai kauri, da safar hannu, da hula mai rufe kunne, da takalmi mai tauna ƙasa saboda santsin ƙanƙara. Doka ta wajabta wa mai tafiya a ƙasa cikin duhu ya rataya ɗan abu mai ƙyalli a rigarsa don direbobi su hango shi. Ana sayar da shi a shaguna da araha.

A ƙarshen Disamba yini kimanin awa shida ne: rana takan fito bayan ƙarfe tara, ta faɗi wajen uku da rabi. A ƙarshen Yuni kuwa yini yakan haura awa 18, kuma dare ba ya yin duhu sosai. Lokacin da ya fi daɗin ziyara shi ne Mayu zuwa Satumba, sai dai a Yuli ma'aikata da yawa suna hutu. Ofisoshi a rufe suke ranakun 24 ga Fabrairu, 23 da 24 ga Yuni, 20 ga Agusta, da 24 zuwa 26 ga Disamba. Mai shiga daji lokacin zafi ya kiyayi kaska, domin tana yaɗa cututtuka masu haɗari.

Ruwan famfo ana shan sa. Wanda zazzaɓi ya kama bayan isa ya gaya wa likita nan take cewa daga Najeriya ya zo, saboda babu zazzaɓin cizon sauro a ƙasar, ba lallai ne likita ya fara tunanin sa ba.

Salla da abinci

Musulmi 'yan dubbai ne a Estoniya, kuma tsofaffin cikinsu Tatar ne da suka daɗe a ƙasar. Akwai Cibiyar Musulunci a Tallinn, a unguwar da ke kusa da filin jirgi, inda ake sallar Juma'a. Ba a jin kiran salla a titi, don haka a dogara da jadawali. Alƙibla daga Tallinn kudu ce da ɗan karkata gabas, ba gabas ba kamar yadda aka saba a Katsina. A tsakiyar hunturu Azahar da La'asar da Magariba suna biyo juna cikin ɗan lokaci, a tsakiyar bazararsu kuma shafaƙi ba ya gushewa, abin da ke sa lokutan Isha'i da Asuba su rikice. Mafi sauƙi shi ne bin jadawalin cibiyar, wanda zai yi azumi a can kuma ya tambayi malaminsa kafin ya tafi.

Naman alade ginshiƙi ne a girkin ƙasar, saboda haka a koyi karanta 'yan kalmomi a jikin kwali: sealiha naman alade ne, sink da peekon ma daga alade suke, verivorst kuwa da jini ake yin sa. Kala shi ne kifi, kana kaza, veiseliha naman sa, lambaliha naman rago. Akwai shagunan nama da gidajen abinci na halal a Tallinn, galibi na Turkawa da mutanen Gabas ta Tsakiya da Asiya. A wajen birnin kifi da ƙwai da dankali da baƙin burodinsu sun fi sauƙin samu.

Mu'amala da mutanen ƙasar

Harshen Estoniyanci ɗan'uwan na Finlan ne. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna ƙasar Rashanci ne harshensu na gida, matasa da ma'aikatan ofis kuma galibi suna jin Ingilishi. Tere ita ce gaisuwa, aitäh godiya, palun kuma roƙo.

Mutanen ba su da yawan magana, ba su doguwar gaisuwa, ba kuma su tambayar iyali a haɗuwar farko. Wannan ɗabi'a ce, ba raini ba. Alƙawarin ƙarfe goma yana nufin ƙarfe goma. Ana cire takalmi idan an shiga gidan mutum, ana rage murya a mota, ba a tsallaka titi sai fitila ta ba da hannu. A yi takatsantsan da hirar Rasha da zamanin Sobiyat, domin ciwon bai warke ba.

Mai ɗan lokaci ya zaga tsohon birnin Tallinn, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1997. Gari ne na fatake mai ganuwa da ƙofofi, wanda ya bunƙasa da kasuwancin teku a ƙarnonin da Katsina da Kano ke bunƙasa da fataucin Sahara.

Kafin a bar gida, a ɗauki hoton fasfo da biza da tikiti a ajiye a waya, a bar kwafi ɗaya wurin iyali tare da adireshin masauki. Ranar dawowa kuma a tabbata an fita daga yankin Shengen kafin kwanakin da aka rubuta a jikin bizar su cika, domin tarihin shiga da fita a kan lokaci shi ne abin da jami'in biza zai fara dubawa idan an sake nema.